Babi na Bakwai: Ɗan Dambe a Garin Baƙunta

Daga Gummi zuwa Dei-Dei, can gefen Abuja, tafiyar yini guda ce cur, in mota ba ta ba da matsala ba kuma hanya ta yi lafiya. A bi ta Daki Takwas, a ratsa Anka, a fito babban titi a Mayanci, sannan Gusau, Tsafe, Funtuwa, Zariya, Kaduna. Cikin fasinjojin da ke kama wannan hanya da asubahin Juma'a akan sami saurayi mai 'yar jaka a kafaɗa, ba kaya a but, ba buhu a saman mota. Abin da ke cikin jakar bai wuce gajeren wando, da ƙyalle, da ƙullin zare, da 'yan layu ba. Zai sa zare ranar Asabar da yamma, ya sake fitowa damben safiyar Lahadi, ranar Litinin ya juyo gida ko ya zarce Kano. Sana'arsa ke nan, da ita yake ci, da ita yake aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane.

Ba sai na tsaya bayanin yadda ake dambe ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hannu ɗaya ake ɗaurewa, ɗayan na kariya ne, turmi uku ake yi, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Tambayar da ta fi wannan ita ce: me ke sa yaro daga ƙauyen Bukkuyum ya sauka a garin da ba wanda ya san ubansa, ya sami wurin kwana, ya sami abokin karawa daidai da shi, ya kuma koma gida da kuɗi a aljihu? Mutane za su ce ƙarfin damtse. Ni kuwa na ce kalangu. Za mu zo kansa.

Da farko dai a kawar da wata magana da ta ishe ni ji, wai dambe ya lalace tun da ya bar ƙauye ya zama yawon neman kuɗi. Yaushe dambe ya taɓa zama wuri ɗaya? Asalinsa wasan mahauta ne, mahauci kuwa matafiyi ne. Da kaka, in an kai amfani gida, aljihun manomi ya yi nauyi, bukukuwa sun kankama, sai rundunar mahauta ta tashi daga wannan gari zuwa wancan, su yi yanka, su sayar da nama, da yamma samarinsu su kara da samarin mahautan garin. Sarkin fawa ne mai masaukin baƙi. Wato tun fil azal ɗan dambe baƙo ne a filin da yake wasa, kuma tun fil azal akwai kuɗi a ciki. Abin da ya canza nisan tafiyar ne, da kuma cewa yanzu ɗan manomi da ɗan maƙeri da ɗan acaɓa duk suna ɗaure hannu, ba a tambayar kowa ko ya gaji wuƙa.

Dalilan da suka sa tafiyar ta yi nisa ga 'yan yammacin Zamfara sanannu ne, a taƙaice zan ambace su. An cire jihar daga Sakkwato a 1996. A watan Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, tarukan kiɗa da wasa suka shiga takura. Daga baya matsalar 'yan bindiga ta zo ta hana taron dare da tafiyar ƙauye zuwa ƙauye, har ta kai a shekarar 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya. Inda babu cin kasuwa babu taro, inda babu taro ba mai yi wa ɗan dambe kari. Sai samari suka bi 'yan kallonsu inda suka koma: gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei, da na Marabar Nyanya a jihar Nasarawa, da dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano, da gidajen dambe na Legas inda 'yan ci-rani suka taru.

To, saurayin nan mai 'yar jaka ya sauka a gidan dambe. Abu na farko da za a tambaye shi ba sunan yanka ba ne, ɓangarensa ne da maigidansa. Gidan dambe a rabe yake: Arewa, Kudu, Guramaɗa. 'Yan ƙasar Sakkwato da Zamfara galibi Arewa suke tsayawa, amma abin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ya koya maka ɗaurin hannu, inda ya tsaya nan kake tsayawa. Shi ya sa sunayen 'yan dambe suke yadda suke: Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Bahagon wane. Wanda ya ji an ce Garkuwan Cindo ko Ali Ƙanin Bello ya san gidan da mutum ya fito tun kafin ya ga fuskarsa. Yaron da ya zo daga Gummi, da ya faɗi sunan maigidansa, sai wani dattijon ɓangare ya ce, "Kai yaron wane ne? Zo nan, ajiye jakarka." Tabarma ta samu, tuwo ya samu. Manyan ɓangaren ne kuma za su hana a haɗa shi da wanda ya fi ƙarfinsa. In wani ƙato daga Kudu ya tako har gabansu ya miƙa hannu yana neman yaron, babba a cikinsu ya girgiza kai ya ce ba sa'ansa ba ne, magana ta ƙare. Ba tsoro ba ne, kiwon dukiya ne, domin yaron da aka karya tun yana ɗanye ba ya sake tashi.

Ɗaurin hannun kansa abin kallo ne, kuma ba a gaban jama'a ake fara shi ba. Yaro ya zauna a ƙasa ya miƙa hannu, wani ɗan'uwansa ya dunƙule masa yatsu, ya naɗe da ƙyalle, sannan ya bi da zare yana ja yana zagayawa, daga dunƙulen zuwa wuyan hannu, yana kama bakin zaren da haƙori in ya zo ƙulli. Sai mai hannun ya ɗan buga shi a tafin ɗaya hannun ya ji ko ya zauna. In ya yi sako-sako a kwance a sake, domin zaren da ya warware a tsakiyar turmi tsayar da wasa yake sa a yi, kuma dariya ake yi wa mai shi. Masu rubutu daga ƙasashen waje suna son labarin nan na cewa ana tsoma hannun a garin kwalba. Je ka gidan dambe yau ka gwada, ka ga ko alƙalin wasa da mutanen ɗaya ɓangaren za su bar ka ka shiga fili ba su shafa hannun sun duba ba.

Yanzu mu zo ga kalangu, wanda shi ne dalilin rubuta wannan babi.

Kalangu gangar mahauta ce, kuma ganga ce mai magana. Makaɗi yana rataye ta a kafaɗa, ya matse tsirkiyoyinta a hammata, ya saki, fatar ta ɗaure ko ta sassauta, sauti ya hau ya sauka yadda muryar Bahaushe ke hawa da sauka. Saboda haka ba amo kawai take fitarwa ba, kalmomi take faɗi, kuma duk ɗan damben da ya isa yana da takensa. Ka lura da abin da ke faruwa in an kaɗa taken mutum. Yana zaune cikin 'yan'uwansa yana hira, ko yana shan rake, sai ka ga ya tsaya cak, kafaɗarsa ta fara rawa, ya miƙe, ya fito tsakiyar fili yana tsuma, ya ɗaga hannu sama ya fara kirari. Ba wanda ya kira shi da baki. Kuma a wannan lokacin ne 'yan kallo ɗari biyar da ba su taɓa ganinsa ba suke sanin ko shi waye, ɗan wane gari ne, wa ya kashe a Kano, wa ya kashe a Minna. Makaɗi da mawaƙi su ne jaridar dambe, su ne littafin tarihinsa. Ɗan damben da ba a kaɗa masa ba, ko ya kashe mutum goma, baƙo ya zo baƙo ya koma.

Wanda yake ganin na cika baki ya dubi Shago. Mutumin 'Yar Kofoji ne ta ƙasar Bakura, arewa da Anka, kuma a zamaninsa akwai zaratan 'yan dambe birjik daga Sakkwato zuwa Kano, wasunsu sun kara da shi sun ba shi wuya. Ina sunayensu yau? Kaɗan ne suka rage a bakin mutane, kuma mafi yawan waɗanda suka rage, irin su Ɗandunawa, sun rage ne saboda Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya sa su a waƙa. Yaron da aka haifa shekaru da yawa bayan Shago ya ajiye zare, wanda bai taɓa ganin ko hotonsa ba, ya san Shago, ya san karonsa da Ɗandunawa. Ka zauna da tsofaffi uku a tashar Gummi ko kasuwar Nasarawar Burkullu ka tayar da zancen wannan karo, za ka ji ruwaya uku, kowa yana rantsuwa tasa ce daidai, kowa kuma da ya ƙure sai ya koma ga waƙar ya kafa hujja da ita. Abin da ya fi burge ni da Ɗan Anace shi ne bai tsaya ga yabo ba. Zuga yake yi. Yakan jera wa gwaninsa hatsarin da ke gabansa, ya ambaci mutuwa ƙiri-ƙiri, ya nuna masa cewa gudu ya fi faɗuwa muni, har mutum ya ji gara a ɗauke shi a kwance da ya koma gida ba a kara ba. Illon Kalgo ma, daga ƙasar Kabi, ya yi wa 'yan dambe irin wannan hidima. Waɗannan mutane ba raka dambe suka yi ba, su suka gina shi.

Kuma nan ne kuɗin yake. Jama'a suna jin labarin damben mota ko damben babur sai su ɗauka kyautar gasa ce ke riƙe da 'yan wasa. Mota ɗaya ce, mutum ɗaya zai tafi da ita, sauran fa? Abin da ke ciyar da ɗan dambe mako-mako shi ne sallamar da mai gida yake bayarwa daga kuɗin ƙofa, da karin 'yan kallo. In an yi kisa, ko an yi turmi uku masu zafi aka raba ba kisa, sai ka ga 'yan kasuwa da direbobi da mahautan gari sun taso suna manna masa kuɗi a goshi, wani ƙaramin yaro yana bi yana tsincewa. Wa ke tayar da su daga kujera? Mawaƙi, wanda ya san sunan kowane mai kuɗi a rumfar, ya san garinsu, ya kuma san yadda zai ambace shi har ya ji kunyar zama. Daga abin da aka tara a fitar da na makaɗa, a fitar da na manyan ɓangare, a ba wanda ya ɗaura hannu, saura shi ne na mai jini a baki. In aure ya taso masa ko rauni ya kwantar da shi, sai a sa masa ranar ajo, 'yan wasa su zo daga garuruwa su yi dambe, abin da aka samu nasa ne.

A Amurka akwai masu sana'ar wani wasa na mirgina ƙwallo mai nauyi a kan dogon katako don a kayar da sanduna goma, suna da ƙungiyarsu ta ƙwararru tun 1958. Su ma haka suke yawo gari-gari a ƙarshen mako. Sai dai ƙaramin ɗan wasa a can shi zai biya kuɗin shiga gasa, ya sha mai, ya kama ɗakin otal, in bai kai matakin da ake rabon kuɗi ba ya koma gida da asara. Ɗan dambenmu kuwa ana iya buge shi a turmin farko, amma in ya shiga da zuciya, mawaƙi ya gyara masa faɗuwar, ya tashi da kuɗin mota har da canji. A Nijar kuma gwamnati ce ta ɗauki kokawa ta yi mata gasar takobi ta ƙasa tun 1975, jihohi suna karɓar baƙunci bi da bi. Dambe bai sami irin wannan gata ba, ko da yake yana cikin wasannin gargajiya da ake yi a bikin wasanni na ƙasa a Najeriya. 'Yan kasuwa masu gidaje da kuɗin ƙofa ne suka riƙe shi.

Sai batun asiri, wanda ba a gama zancen dambe ba a taɓo shi ba. I, suna ɗaura layu da kambu da guru, suna shan rubutu, wasu har tsaga suke yi a hannu a shafa magani. Amma don Allah a yi tunani: wanda ya yi kisa da laya ya shigo, wanda aka kashe ma da laya ya shigo, wataƙila ma malami ɗaya ya rubuta musu. Abin da ke raba su shi ne wanda ya iya tsayuwa, ya iya auna tazara da hannun kariya, ya yi haƙuri har abokin karawa ya saki haɓa. Da kuma wanda ya yi barci. Yaron da ya kwana a mota daga Gusau, ya sauka da kumburarriyar ƙafa, ya shiga fili da yamma, rabin ƙarfinsa ya bar shi a hanya, kuma manyan 'yan wasa sun san haka, shi ya sa sukan iso da kwana ɗaya a hannu.

A 'yan shekarun nan kamfanoni sun shigo. Akwai African Warriors Fighting Championship ta Maxwell Kalu, akwai masu Dambe Warriors da suka yi suna a YouTube. Sun kawo awon nauyi, da turmi mai ƙidayar minti, da likita a bakin fili, da kwantiragi a rubuce. Likitan dai alheri ne, domin naushin kai ba wasa ba ne, kuma tsofaffin 'yan dambe da yawa sun ƙare da rawar hannu da nauyin baki ba mai waiwayarsu. Ƙorafina ɗaya ne: a wasu tarukan na zamani an tura makaɗa can gefe, an sa lasifika tana ta ruri da kiɗan kwamfuta, mai sanarwa yana karanto sunan ɗan wasa daga takarda. Bidiyon zai yi kyau a waya, amma yaron Bukkuyum zai fito ya koma ba wanda ya riƙe takensa.

Mai karatu, in ka sami kanka a gidan dambe, kada ka nemi kujerar da ke fuskantar kyamara. Zauna kusa da masu kalangu, ka sa ido kan ɓangaren da suke kaɗa wa, ka ga wanda zai fara miƙewa. In ka tashi yin kari, ka raba kuɗin biyu, rabi na makaɗa ne.