"Kaya Na Bisa Hanya": Wata Takwas Ina Gyaran Ɗakin Inna A Ƙauran Namoda

A ƙarshen daminar 2023 ne bangon gabas na ɗakin mahaifiyata ya tsage, tun daga gindi har zuwa inda kwano ya zauna. Ginin tubali ne na marigayi mahaifinmu, ya girme ni. Da muka zauna da 'yan'uwa sai muka yanke shawarar a rushe ɗakin da rumfarsa, a mayar da su na bulo, a zuba linta, a yi sabon rufi, a sa ƙofar ƙarfe da taga biyu. Birkilan da aka kawo mini ya zagaya, ya auna da ƙafa, ya ce aikin mako shida ne. Na ƙara masa biyu a zuciyata, don na san hali. Muka ɗauke Inna zuwa gidan ƙanwata a Gusau cikin watan Oktoba, na yi mata alkawarin za ta dawo kafin sanyi ya kankama. Ba ta sake kwana a ɗakinta ba sai a watan Yunin 2024.

Da yawa daga cikinmu ma'aikata 'yan asalin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi ta waya muke gini. Muna can wani gari muna aiki, mu tura kuɗi, a turo mana hoto. Duk wanda ya taɓa yin haka ya san wata jimla da ake kashe bakin mai aiki da ita: "Kaya na bisa hanya." Na ji ta daga bakin mutum uku a wannan aiki, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a bakin kowannensu ma'anarta daban.

Bari in fara da siminti, don nan na fi jin kunya. A farkon Oktoban 2023 kamfanin BUA ya ba da sanarwar rage farashin buhu zuwa Naira 3,500 a bakin masana'anta. Masana'antar tasu ta Kalambaina a Sakkwato take, maƙwabtanmu, saboda haka na ɗauka sauƙin zai iso mu da wuri. Mai shagon da na je wurinsa a Ƙaura ya yi murmushi, ya ce, "Dakta, wanga farashi cikin rediyo shi ke." A wurinsa buhu ya haura dubu biyar. Na biya kuɗin buhu sittin, aka kai ashirin gida, na bar arba'in a shagonsa. Dalilina mai ƙarfi ne a lokacin: gidan a buɗe yake, kuma siminti ba ya son ajiya, da zarar ya sha raɓa ya zama dutse. Ya rubuta mini rasit, na ninke na sa aljihu ban duba ba.

Aiki ya tafi daidai har bulo ya kai ƙasan taga. Sai a cikin Disamba birkila ya ɓace. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi, kuma mako guda kafin nan ya karɓi kafin alƙalami mai tsoka, wai zai ɗauko ƙarin lebura ya sayi rodi. Wayarsa a kashe. Yaransa biyu suka zo kwana uku suna zaune a kan tulin yashi, daga nan su ma suka daina zuwa. Na yi fushi irin fushin mutumin da ke ganin an raina masa hankali. Na faɗa wa duk wanda ya tambaye ni cewa an cuce ni, har na fara neman wanda zai kai ni ga hukuma.

Mai karatu zai tuna cewa a wannan Disambar ne 'yan bindiga suka matsa wa Zurmi da kewayenta, har ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta janye wasu ma'aikatanta daga garin. Ni ma na ji labarin a rediyo, amma ban haɗa shi da birkilana ba, saboda zuciyata ta riga ta yanke masa hukunci. Sai a ƙarshen Janairu ya bayyana, ya rame, ya same ni a ƙofar gida ranar wata Asabar. Ya durƙusa ya ce, "Dakta, in kai ni ƙara za ka yi, kana da gaskiya. Kuɗinka na sa na fanso ƙanena." An ɗauke yaron a gona, aka yanka musu kuɗi, suka sayar da gero da tumaki bai kai ba, ya cika da nawa. Bai tambaye ni ba, in ji shi, don ya san in ya tambaya zan iya cewa a'a, shi kuma ba zai iya jin a'a ba.

Har yau ban gama warware wannan magana a raina ba. Ya ci amana, wannan babu ja. Amma na sha tambayar kaina abin da zan yi in ni ne a matsayinsa, kuma amsar da nake samu ba ta yi mini daɗi. Na bincika ta hannun wani ɗan'uwa da ke da dangi a wajen, aka tabbatar mini haka aka yi. Muka shirya a kan zai ci gaba da aiki, ana zare bashin daga ladansa kaɗan kaɗan, a bar masa abin cefane.

Da birkila ya dawo sai aka aika shago a ɗauko siminti. A nan aka ce kaya na bisa hanya. Mako ɗaya, mako biyu. A wannan Fabrairun na 2024 Dala ta haura Naira 1,500, siminti kuma ya tashi har ya wuce dubu goma a garuruwa da yawa. Ranar 19 ga watan Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote, BUA da Lafarge, aka fito aka ce buhu zai tsaya tsakanin dubu bakwai da takwas. Shi ma wannan farashi a rediyo muka ji shi. Gaskiyar da ta fito daga baya ita ce, mai shago ya daɗe da sayar da buhunan nawa, yana juya kuɗin, da niyyar in na tashi ya ba ni daga sabon kaya. Haka suke yi, kuma a shekarun da farashi ke zaune babu wanda ke ganewa. Da farashi ya ninka sai asiri ya tonu: kuɗin buhu arba'in na Oktoba ba ya sayen ashirin da biyar a Fabrairu. Ya ce in karɓi kuɗina. Na ce siminti na saya.

Muka je gaban wani dattijo da 'yan kasuwa ke jin maganarsa, wanda ya yi karatun zaure mai zurfi. Tambaya ɗaya ya yi mini, ita ce ta kwance mini zani a kasuwa. Ya ce, buhunan nan, an nuna maka su an ware su gefe, ko kuwa kuɗi ka bayar a kan za a kawo maka? Domin in an ware, ajiya ce, wanda ya taɓa ta shi zai biya irinta. In kuwa kuɗi ne ka gabatar a kan kayan da ke wuyansa, to malamanmu na Malikiyya sun shimfiɗa wa irin wannan ciniki sharuɗɗa, su ne na salam, kuma daga cikinsu akwai bayyana adadi da siffa da ajalin da za a karɓa. Kowace fuska aka bi, in ji shi, siminti nake bi, amma sai in nuna adadin. Na zaro rasit. Abin da ke jiki kawai shi ne jimlar kuɗi da kalmomi biyu: kuɗin siminti. Babu yawan buhu, babu rana. Ni da nake mayar wa ɗalibi kundinsa saboda ya manta lambar shafi. Dattijon ya tuna mini cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, sannan ya juya ga mai shago, wanda a gaskiya bai musanta adadin ba. Aka sasanta a buhu talatin da biyu, a kawo goma goma. Na yafe takwas, rabi don Allah, rabi don na gaji.

Na uku shi ne mai walda. Wani aboki ya yaba mini aikinsa, ya ce a Shinkafi yake, hannunsa da kyau kuma da rahusa. Na tura masa awo da rabin kuɗi tun Nuwamba. Da farko ya ce babu wuta, man janareto kuma ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Wannan gaskiya ne, kowa shaida ne. Daga baya ya ce ƙofa da tagogi sun kammala, hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura ce ba ta biyuwa, direbobi ba sa fita sai ranar Alhamis ta kasuwa, su ma a jere. Bayan abin da ya faru tsakanina da birkila, wa zai sa in sake zargin mutum a kan maganar hanya? Na yi shiru, har ina yi masa addu'a a waya. Ana cikin azumi wani ɗalibina ɗan garin ya je hutu, na roƙe shi ya leƙa. Ya turo mini hoton ƙarafuna a jingine, ko yanka su ba a yi ba. Mutumin ya samu kwangilar ƙofofin wani babban gida ya ajiye nawa.

Wannan shi ya fi ci mini rai, fiye da buhu takwas. Rashin tsaro ya kashe mana mutane, ya kona mana ƙauyuka, amma akwai wata ɓarna tasa da ba a cika ambata ba: ya lalata ma'aunin da muke gane mai gaskiya da shi. Uzurin da birkila ya zo da shi cikin hawaye, shi ne mai walda ya ara ya rufe ƙaryarsa. Wanda aka yi wa irin haka sau ɗaya, gobe ba zai yarda da mai uzurin gaskiya ba. Daga nan sai kafin alƙalami ya yi wuya, sai ƙaramin mai sana'a da ba shi da jari ya rasa aiki, sai kowa ya koma neman ɗan kwangilar Gusau ko na Kano mai kuɗin fara aiki da aljihunsa.

Kuma kada a manta garin da ake wannan magana a kansa. A 1929 layin dogo ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, a nan kuma ya tsaya. Shi ya mayar da Ƙaura matattarar gyaɗa da auduga, inda kayan kudu ke sauka a rarraba su zuwa Shinkafi, Zurmi, Isa da Sabon Birni. Yau jirgi ya daɗe da daina zuwa. Kowane buhun siminti, kowane bandir na kwano, kowane katako, a bayan mota yake shigowa, a kan hanyoyin da direba ke ƙara kuɗi saboda tsoro, ya kuma ƙi tashi da zarar la'asar ta yi sanyi. A Satumbar 2021 ma gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da fetur, aka katse layukan waya. 'Yan kasuwa da dama a wannan yanki jarinsu bai farfaɗo ba tun daga lokacin, kuma ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ke sa su juya kuɗin masu ajiya. Ban ce uzuri ba ne.

Saura in faɗi nawa laifin, kada a ce na yi wa kaina alƙalanci. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya bar mu da albashin wata takwas a hannun gwamnati. Wata huɗu daga ciki aka saki a Fabrairun 2024, kuma a kansu na ɗora lissafin rufi, sai ga shi kwano da katako sun tashi tare da Dala. A Afrilu aljihuna ya ƙafe. Leburori huɗu suka yi mini kwana goma sha biyu suna kwaɓa da ɗaukar bulo, ban sallame su ba. Babbansu ya kira ni ana saura kwana uku Sallah, ya ce, "Ranka ya daɗe, yara na tambaya." Na ji bakina yana cewa su ƙara haƙuri, kuɗi na bisa hanya. Na kashe wayar na daɗe zaune. Washegari na ci bashi a wurin abokin aikina na tura musu.

Da a ce yau zan sake, ba zan bar buhu ko ɗaya a shagon kowa ba. Gara in sayi goma in an cinye in sayi goma, ko da farashi zai ci ni. Birkila da kafinta kuwa jinga mataki mataki: harsashi, linta, rufi, kowane da kuɗinsa bayan an gani da ido. Takarda kuma da Hausa, da boko ko da ajami, da adadi da rana da shaidu biyu, ko da mutum zai ce na mayar da shi baƙo. Sannan a samu wani na gida mai zuwa wurin aiki kullum, a biya shi, domin hoto ba ya nuna abin da ke bayan mai ɗaukarsa.

Inna ta yi azuminta gaba ɗaya a Gusau, a ɗakin jikoki, ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai duk na kira ta tambaya ko an shayar da bishiyar lemun da ke tsakar gida. Ƙofa ta iso a Mayu, bayan na karɓe aikin na ba wani mai walda a nan Ƙaura, rabin kuɗin na Shinkafi kuma har yanzu ana bi. An buga kwano na ƙarshe hadari yana haɗowa daga gabas. Ranar da muka dawo da ita, ta shiga ta shafa bango, ta buɗe taga ta rufe, ta ce sakatar ta yi mata tauri. Birkila yana tsaye a bakin rumfa. Da saura a bashinsa, bayan ɗakin kuma ba a yi masa filasta ba. Na fara yi mata bayanin yadda muka tsara zai biya da aikin filastar, sai ta katse ni ta dube shi ta ce, "Ɗana, ya jikin ƙanen naka?" Ya ce da sauƙi, ƙafar ce dai har yanzu ba ta takuwa sosai. Ta aika a kawo masa fura.