Ƙanƙara a Allon Waya, Sanƙarau a Ƙofar Gida

Tun bayan kullen Korona na 2020, wani nau'in labari ya samu kasuwa a wayoyin matasa, har a garuruwa irin Dogon Daji da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Ka tsaya wurin masu tura fina-finai, inda ake jera wayoyi a caji janareta na ta ƙugi, ba za ka daɗe ba ka ji wani yana tambayar fim ɗin annoba. Zubinsu kusan ɗaya ne: cuta mai kisa ta ɓarke, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, mutane kaɗan sun maƙale a gida guda, kowa na zargin ɗan'uwansa. Salon ba sabo ba ne. The Thing na 1982 ya kulle mutanensa a sansanin bincike cikin ƙanƙarar Antatika, Train to Busan na Koriya ya kulle nasa a jirgin ƙasa a 2016, Contagion na 2011 kuwa sai da Korona ta zo duniya ta koma kansa da gudu.

Me ya haɗa yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba, in ba ta mai sayar da zoɓo ba, da wannan labari? Araha na ciki, da fassarar Hausa da ta kawar da shingen harshe. Korona ma ta taimaka, domin wanda ya ga an rufe makarantu an hana tafiya tsakanin jihohi ya daina ɗaukar irin wannan a matsayin tatsuniya. Amma babban dalilin, a ganina, shi ne mun san tsoron tun kafin fim ya zo. Hunturu ne ƙanƙararmu. Daga Disamba hazo ke rufe gari, ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro, a rufe taga a cunkushe a ɗaki ɗaya saboda sanyi, kuma daga nan har zafin Afrilu ne sanƙarau ke cin kasuwarsa. A 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. Sabon nau'in C ya fara bayyana a jihar Sakkwato a 2013, ya tsallaka Kebbi a 2014, sannan a 2017 ya kashe sama da mutum 1,100, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A farkon 2025 sanƙarau ya sake ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero. Toshewar hanya ma ba baƙuwa ba ce ga mutumin ƙauyen Kebbe da ke lissafin 'yan bindiga kafin ya ɗora maras lafiya a babur da dare.

Ba za a ce kallon bai da amfani ba. Yaro kan fahimci cewa cuta na bin numfashi da cunkoso, ba aikin iskoki ba ne, ba kuma jifa ba.

Illar ta fi nauyi. Darasin farko da waɗannan labarai ke koyarwa shi ne wanda ya kamu ya zama abokin gaba: a rufe masa ƙofa, a gudu, in ta kama a harbe shi. Haka ake tsira a fim. A sanƙarau kuwa wannan ne hanyar mutuwa. Ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, yana jin allura in an hanzarta, amma yana iya kashe yaro cikin kwana guda in an tsaya jiƙe-jiƙe. Wanda ya tsira a makare kuma sau da yawa da kurumta yake tashi.

Darasi na biyu ya fi haɗari. Kusan kowane fim na da wani kamfani ko jami'in gwamnati da ke ɓoye gaskiya, ga kuma maganin da ya fi cutar sharri. A Amurka nishaɗi ne. A nan fami ne, don mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kusan 200 a Kano a 1996 ba, inda 11 suka rasu, kuma wannan tabo na cikin abin da ya hura wutar ƙin rigakafin shan inna a 2003. Mai shakka da ma ƙiris yake jira, sai ga fim ya zo yana gaya masa cewa yana da gaskiya.

Laifin ba na masu tura fim ba ne, sana'a suke yi. Giɓin na wajen marubutanmu ne, da suka cika wayoyi da soyayya da kishiya suka bar wannan fage ga baƙi. Ga uwa da ɗanta wuyansa ya sanƙare cikin dare, ga hazo, ga hanya ba ta biyuwa, ga asibiti da nisa: wane tashin hankali ya wuce wannan? Marubutan Sakkwato, ku rubuta mana shi, ku sa jarumin ya zama mai babur ɗin da ya yarda ya fita. Ku kuma sanar da mai karatu cewa tun 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'in sanƙarau biyar.