Bakin kamfani: labari ake so, ba kirari ba

Daga Malbaza zuwa Birnin Ƙonni, har cikin ƙasar Illela, babu ɗan kasuwar da bai san "an ce" ba. An ce siminti zai hau. An ce inji ya lalace. An ce za a rufe iyaka. Kafin rana ta faɗi buhu ya ƙara kuɗi, alhali ba wanda ya ji maganar daga bakin mai ita.

Yankin nan na sana'a ne da fatauci. Gidan simintin Malbaza ya soma aiki tun 1966, albasar Galmi kuwa tana kaiwa har Gana da Kwaddibuwa. Duk da haka, shugabannin kamfanoni da na ƙungiyoyin manoma da dama suna riƙe da tsohon zance, wai kaya mai kyau shi ke saida kansa, don haka shiru ya fi. Wannan yana yiwuwa a lokacin kwanciyar hankali. Amma wanda ya ga watan Janairun 1994, lokacin da aka rage rabin darajar kuɗin sefa, ko ya ga Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 har Disamban 2020, ya san kasuwa tana juyawa cikin dare ɗaya. A irin ranakun nan mai saye yana tambayar nawa ne, yaushe kaya za su zo, kuma mene ne dalili. In kamfani bai amsa ba, dillalin tasha zai amsa masa, da farashin da ya ga dama.

Waɗansu kuma sun yarda su yi magana, sai dai sun ɗauka magana ita ce yabon kai. A nan ne aka fi ɓarnar kuɗi. Za a sayi fili a gidan rediyo, a cika shi da gaisuwar manya da jerin muƙamai, a kira darekta gwarzo, a bayyana yadda aka yanke ƙyalle. Ma'aikatan gwamnati sun san irin sanarwar nan, don wani lokaci su ake sa wa rubuta ta. Hausawa tun da can sun raba aikin maroƙi da na mai shela: ɗaya yana faranta ran mai gida, ɗaya yana gaya wa gari abin da ya shafe shi. Mai gini a Illela ba ya buƙatar sanin alherin darekta. Yana so ya ji kuɗin tan guda a ƙofar masana'anta, wato buhu 20 na kilo 50, da abin da mota ke ƙarawa, da ranar da za a koma yin lodi. Zai gode in an tuna masa ya jera buhuna bisa katako, nesa da bango, don laimar damina tana daskarar da siminti, kuma wanda ya daɗe a ajiye ƙarfinsa yana raguwa. Wanda ya ba shi wannan sani, wurinsa zai koma saye.

Sai batun harshe. Har yanzu akwai masu ganin sanarwa ba ta da martaba sai da Faransanci, ko da yake tun 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa. Fassarar ma sai da lura, domin kasuwa da dala take lissafi: abin da takarda ta rubuta 5.000 F, a bakin ɗan kasuwa jikka biyar ne, ko dala dubu. Mai fassarar da ya ce "dubu biyar" ya ninka farashin sau biyar a kunnen mai sauraro.

Tsoron tona asiri shi ma ba hujja ba ne. Ba wanda ya ce a karanta littafin ribar kamfani a rediyo. Amma in inji ya tsaya, direbobin da ke kwana a bakin ƙofa sun riga sun sani. A faɗi gaskiya, a faɗi kwana nawa gyara zai ci. Kuma maganar ta zama da ranarta, ko a rediyo ko ta saƙon murya a waya, misali kowace Talata da dare kafin kasuwar Ƙonni ta Laraba, tare da mutum guda sananne wanda aikinsa shi ne amsa tambayoyin masu saye.