Kafin a aiko jita daga waje, a duba ƙarfin wuta

Jama'ar Kurfai na gida da na waje, ga jan hankali. Jitar lantarki ba ta da murya sai an haɗa ta da ampili, wato akwatin ƙara sauti. To, a nan gizo ke saƙa. Wutar NIGELEC a Filinge bolt 220 ce, ta Amurka da Kanada kuwa 120. In aka jona ampilin can kai tsaye, ƙonewa zai yi, guminka ya tafi a banza. Mai saye ya duba bayan akwatin: in 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifo mai rage wuta. Ampilin Faransa, Gana ko Najeriya ba ya buƙatarsa. Ƙauyen da babu kuran kuma, a nemi mai aiki da batir.