Idan Damuwa Ta Yi Maka Yawa

Yau daga Darna Sabon Gari nake magana, kan yadda mutum zai kula da kansa idan rayuwa ta yi zafi.

Mu mutanen Illela ba sai an ba mu labari ba. Da aka rufe bodarmu da Ƙonni bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris 2024, 'yan kabu-kabu da 'yan dako da yawa sun wayi gari ba abin yi. Irin wannan rashin kan hana mutum barci, ya hana shi cin abinci.

Shawarata, kada ka kulle kanka a ɗaki. Nemi mutum ɗaya da ka yarda da shi, ka faɗa masa abin da ke cin ranka. Ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya, ka riƙa ɗan tattaki da yamma. Tiramol kuwa ƙara damuwa yake yi, wallahi.

In ka kai sati biyu ba barci, komai ya fita ranka, je ka ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kware yana kan hanyarmu ta Sakkwato, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Sai shiri na gaba.