Kafin Ka Kawo Teriya Gidanka

A manyan unguwannin Abuja da Kaduna da Jos, yanzu ba abin kallo ba ne ka ga ɗan kare mai gashi buzu-buzu, wanda bai fi mage girma ba, ya leƙo ta tagar mota. Masu tallar su a bakin titi da Instagram kusan duk ƙaramin kare mai gashi teriya suke ce masa, ko da kuwa ruwa biyu ne. Mai saye shi ma lissafinsa a taƙaice yake: ƙarami ne, ba zai ci da yawa ba, ba zai cinye wuri ba, yara sun samu abin wasa. Batun ci da batun wuri gaskiya ne. Na ukun ne nake da ja a kai.

Teriya karen aiki ne. Manoma da mafarautan Birtaniya ne suka samar da shi don ya shiga rami ya koro yanyawa, ya kuma share ɓeraye a barga da ɗakin ajiyar hatsi. Da gangan aka rage masa jiki don rami ya ɗauke shi. Aka riƙa zaɓen mai taurin kai, wanda zai yi gaban kansa cikin duhu ba tare da jiran umarni ba, da mai yawan haushi, don in ya maƙale a ƙarƙashin ƙasa a ji inda yake a haƙo shi. To, abubuwan da masu shi ke kuka da su a yau, wato tonon fulawa, haushin dare, bin kaji da ƙin jin kira, su ne aka shafe shekaru aru-aru ana nema a jikinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk wanda ya taɓa bin yara farautar gafiya a ƙauye ya san irin karen da in ya sa hanci a rami ko duka ba ya ɗaga shi. Irin wannan zuciyar ce a jikin kilo 6.

Wanda ya fi nuna wannan hali shi ne Jack Russell. Sunan wani limamin coci ne a yankin Devon na Ingila, John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883, farauta kuma ta shiga jininsa. A 1819, yana ɗalibi a Oxford, ya sayi wata farar karya mai suna Trump a hannun wani mai tallar madara, daga ita zuri'ar ta faro. Karen fari ne mai dabbare-dabbare, nauyinsa kilo 5 zuwa 8, yawanci gashinsa gajere, abin da ya sa ya fi 'yan uwansa jure yanayinmu. Yana da nisan kwana. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke Landan ta fitar a 2022, a kan karnuka sama da 30,000, ya nuna Jack Russell ne kan gaba da kimanin shekara 12.7, alhali buldog ɗin Faransa bai wuce 4.5 ba. Amma yana da cututtukan gado. Madubin cikin idonsa kan zame daga mazauninsa. In ka ga ido ya yi ja, yana hawaye, kare yana runtse shi, ranar nan za a kai shi wurin likita, don jinkiri makanta ce. Ƙoƙon gwiwarsa ma kan goce, sai ka ga yana gudu ya ɗage ƙafar baya ɗaya, ya yi taku biyu-uku, ya sauke ta kamar ba komai.

Babbar matsalarsa dai ba ciwo ba ce, kuzari ne. Yana son aƙalla awa guda ta gudu da wasa kullum. In bai samu ba, zai nemo wa kansa aiki. Wani maƙwabcinmu a Zariya ya kawo irinsa gidan da uwargida ke kiwon kaji da zabi. Mako bai zagayo ba aka fara ƙirga gawa, magana ta kai ga sai dai a zaɓa, ko kare ko akurki. Akurki ne ya ci. Ban ga laifin karen ba.

Yorkshire kuwa shi ne wanda mata da yara suka fi so, kuma shi ne aka fi cuta da shi. Asalinsa karen ma'aikatan masaƙu ne a arewacin Ingila a ƙarni na 19, yana kama musu ɓeraye. Wani kare mai suna Huddersfield Ben, da aka haifa a 1865, shi ake ɗauka uban irin. Nauyinsa bai kamata ya wuce kilo 3.2 ba. Zuciya dai akwai ta: a Yaƙin Duniya na Biyu wata 'yar Yorkshire mai suna Smoky, da sojan Amurka ya tsinta a New Guinea a 1944, ta ja wayar sadarwa ta cikin siririn bututu mai tsawon kusan mita 21 a ƙarƙashin filin jirgi a Filifin. Jikin ne ba ƙwari. Yaro ya ɗauke shi ya saki daga kan kujera, sai karaya. Bututun numfashinsa kan lanƙwashe, ya riƙa wani busasshen tari mai ƙara, shi ya sa ba a ɗaura masa igiya a wuya, sai irin ɗamarar da ke kama ƙirji. Kwikwiyonsa in ya daɗe bai ci ba sukarin jininsa kan faɗi, ya yi laushi, har ya suma, don haka sau 4 ake ba shi abinci a rana, kaɗan-kaɗan. Gashinsa ba ya daina tsiro, kullum sai an taje, in ba haka ba ya dunƙule ya zama maɓoyar kaska. In mai sayarwa ya fara yi maka kirarin cewa nasa ƙanƙanta ce ta musamman, zai shige kofin shayi, ka riƙe kuɗinka. Sau da yawa raunanan ciki ne ake ƙara wa farashi.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. West Highland, farin nan tas na Sikotlan, kyakkyawa ne, amma ya yi suna wajen ciwon fata: ƙaiƙayi, lasar ƙafa, ciwon kunne. Ka haɗa wannan da ƙurar hunturu da ƙuma, ka ga ka zama ɗan gida a asibitin dabbobi. Baƙin teriyan Sikotlan, irin Fala na shugaban Amurka Franklin Roosevelt, ya fi yawancin karnuka kamuwa da sankarar mafitsara. Boston sunan teriya kawai ya ara; hancinsa a dame yake, numfashi na yi masa wuya, zafinmu kuma ba ya raga wa irinsa. Wanda na fi yabawa a hali shi ne Border, daga tsaunukan iyakar Ingila da Sikotlan, wanda ƙungiyar masu karnuka ta Birtaniya ta yi wa rajista a 1920. Da yake tare da garken karnukan farauta aka saba fita da shi, bai cika neman faɗa ba, yana kuma haƙuri da yara. Sai dai samun na ainihi a nan da wuya.

Duk waɗannan karnukan ƙasar sanyi ne, mu kuwa a Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa, ɗan ƙarami kuma cikinsa dab yake da ƙasa mai zafi. A fita da shi bayan asuba ko bayan magariba. Ka ɗora bayan hannunka a kan siminti. In ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Inuwa da ruwa kada su yanke, kada kuma a bar shi a mota a rufe ko da na shiga-in-fito ne. In ya fara haki ba ƙaƙƙautawa, yawu na dalala, yana tangaɗi, a kwara masa ruwa mai sanyi, a sa shi a iska, a nufi asibiti. Mutumin Jos ko Mambila yana da sauƙi a nan. Na Kano da wuta kan ɗauke masa da tsakar rana, ya sake tunani kafin ya ɗauko mai gashi.

Abin da ya fi kashe kwikwiyo a garuruwanmu shi ne cutar fabo: amai, zawo da jini mai ɗoyi, cikin kwana biyu-uku ruwan jiki ya ƙare. Ƙwayar cutar na yin watanni a ƙasa, a takalmi ma ana shigo da ita. Allurar rigakafinta, wadda ake haɗawa da ta wasu cututtukan, ana fara ta ne yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Kafin a kammala, kada ya taka titi. A tabbatar kuma allurar daga firji ta fito, don wadda ta sha zafi a kanta ba ta da maraba da ruwa. Maganin tsutsar ciki duk mako 2 ne har ya cika wata 3, in ya girma kuma duk wata 3.

Sai kaska, musamman da damina. Tana sa wa kare cututtukan jini: zazzaɓi, ƙin abinci, dasashi ya yi fari fat. Akwai ƙwayoyi da magungunan ɗigawa a ƙeya da likita ke bayarwa daidai nauyin kare. Abin da nake roƙo shi ne a daina yi wa kare wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Wanda babban karen gadi ya sha da ƙyar, ɗan kilo 3 ba zai sha ba. Haka farasitamol da sauran magungunan ciwon jikin mutane, kada a ba shi.

Kicin ɗinmu ma cike yake da abin da ba nasa ba. Albasa da tafarnuwa suna farfasa masa ƙwayoyin jini, ga shi kusan babu miyar da ba su ciki, don haka kankare masa sauran tuwo da miya kullum ba gata ba ne. Inabi da zabibi na lalata ƙoda. Cakulan guba ne gare shi, goro ma haka, sinadaransu dangin juna ne. Dafaffen ƙashin kaza kan tsage ya soki hanji. Shinkafar ɓera kuwa ta fi komai haɗari ga teriya, domin shi ne zai riga kowa gano ɓeran da ya ci ta. Ana iya haɗa masa abinci a gida, shinkafa da nama ko kifi ko ƙwai da karas, ba yaji ba magi, amma likita ya tsara ma'aunin. A kuma lura da baki. Haƙora 42 ne cunkushe a ɗan muƙamuƙi, shi ya sa ƙananan karnuka ke saurin ruɓewar dasashi. A saba masa da buroshi tun yana kwikwiyo, da man goge baki irin nasu.

Allurar da ba ta da uzuri ita ce ta ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani. Ana yi wa kwikwiyo allurar yana da wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana sarrafa ta, ana kuma samun ta a asibitocin dabbobi na gwamnati da na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello. Kada a ce ai ɗan cikin gida ne. Teriya gwanin tono ƙarƙashin katanga ne. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a tafi asibiti nan take.

Akwai maganar da ba a tsallake ta a gidan Bahaushe Musulmi. Malamai sun yi bayanin kiwon kare don farauta da tsaron gona da dabbobi, sun kuma yi magana kan ajiye shi a ɗaki ba tare da buƙata ba. Wannan fagensu ne, a tambaye su kafin a saya, ba bayan kare ya hau darduma ba. Nawa dai a nan shi ne: Yorkshire ba zai rayu a ɗaure a bayan gida ba. Wanda ba zai bar kare ya shiga ɗaki ba, ba irinsa zai nema ba. A ji ta bakin uwargida, a kuma tuna da maƙwabta, don haushin na ƙetare katanga.

In ka je saye, kada ka karɓi kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. Ka ce sai ka ga uwar da inda take kwana. Ka nemi katin allura mai tambarin kwalba da sa hannun likitan dabbobi, ka kuma biya da shi asibiti kafin ka ƙarasa biyan kuɗi. Sannan ka tambayi kanka wa zai riƙe shi in yaron da ya yi ta naci ya tafi makarantar kwana, tunda karen na iya kaiwa shekara 13 ko fiye.

Ni a ganina, mai fili da katanga mai kyau, wanda ba ya kiwon kaji kuma yana da lokacin fita kullum, ya ɗauki Jack Russell mai gajeren gashi. Mai ƙananan yara ya haƙura da Yorkshire sai sun yi wayo. Wanda kuma gadi kawai yake so, ya nemi karen gida na ƙasarmu, ya yi masa allura, ya ciyar da shi yadda ya kamata. Ya fi kowane teriya jure zafi da kaska, kuɗinsa kuma bai kai rabin nasu ba.