Yadda garkuwar jiki ke datse wa korona hanya

Ƙwayar cutar korona da aka fara ganowa a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019, wadda masana suka raɗa wa suna SARS-CoV-2, ba ta iya hayayyafa sai ta kutsa cikin ƙwayoyin halitta irin waɗanda suka shimfiɗu a hanci da maƙogwaro da huhu. Jikinta lulluɓe yake da ƙayoyin furotin kamar ƙarangiya, kuma a bakin kowace ƙaya akwai ɗan sashen da ke maƙalewa a wani furotin mai suna ACE2 da ke jikin ƙwayar halittar mutum, wanda ta nan ne ƙofar shiga take buɗewa.

Idan jiki ya gamu da cutar ko aka yi masa allurar riga-kafi, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B sukan fara ƙera furotin na kariya, wato antibodi, cikin mako ɗaya zuwa uku. Siffarsa kamar gwafa take, mai baki biyu, kuma kowane baki an sassaƙa shi ne daidai da wuri guda a jikin ƙwayar cutar. Da yawa daga cikin antibodi alama kawai suke yi wa cutar domin wasu ƙwayoyin garkuwa su zo su haɗiye ta, amma waɗanda ke kashe mata kaifi su ne masu danne sashen nan na bakin ƙaya, ta yadda za ta isa ƙofa ta rasa abin kamawa. Nau'in antibodi mai suna IgG ya fi yawa a jini, inda yake kare huhu, yayin da IgA ke tsare majinar hanci, inda cutar ke fara sauka.

Wannan dacewa ta baki da ƙaya ita ce ƙarfin kariyar, ita ce kuma rauninta. Nau'in korona mai suna Omicron, da aka ba da rahotonsa daga kudancin Afirka a Nuwamba na 2021, ya zo da sauye-sauye sama da 30 a ƙayarsa, har tsofaffin antibodi da dama suka kasa riƙe shi. Duk da haka ƙwayoyin B masu ajiye tarihin cutar sukan sake ƙira, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T kuma su kashe ƙwayoyin halittar da suka kamu, shi ya sa wanda aka yi wa riga-kafi kan iya kamuwa amma cutar ba ta cika kwantar da shi a asibiti ba.